Littafin baƙin mai: wata takwas ina auna injin motata tsakanin Jidda da Makka

Asabar, 10 ga Fabrairu, 2024

Yau kwana uku ke nan da na karɓi makullin motar. Ƙirar Japan ce ta 2013, silinda huɗu, ta ci kilomita 186,900. A hannun wani ma'aikacin kamfani na saye ta, ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. Jikinta lafiya lau, esi yana sanyi, ta kuma wuce binciken shekara da ake kira fahas ba a dawo da ita ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A jikin sitiyari akwai ɗan katin nan da masu banshar, wato shagunan faci da juyen mai, suke ratayawa idan sun yi wa mota juye, an rubuta 20W-50 da biro. Da na ciro littafin motar daga akwatin gaba, sai na tarar da zane mai kibiyoyi: kamfanin ya fi son 5W-30, amma ya yarda da 10W-30 da 15W-40 da ma 20W-50 ɗin, gwargwadon yanayin garin da mutum yake. Ke nan mai motar na da bai saɓa wa littafi ba. To amma da asuba idan na tayar da ita, sai na ji wata 'yar ƙara kar-kar-kar daga saman injin, kamar daƙiƙa biyu, sannan ta yi shiru.

Motar nan ita ce ƙafata. Kwana shida a mako ina zuwa aiki wani sito a Khumra, kudancin Jidda, ranar Juma'a kuma na ɗebi iyali mu tafi Makka gaida Kawu. Ba ni da kuɗin sauke inji. Shi ya sa na sayi ƙaramin littafin rubutu na ajiye a motar, duk abin da na zuba da duk abin da na gani zan rubuta da kwanan wata.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna da Kawu a ƙofar gidansa da ke bayan Shara Mansur. Kawu, yayan mahaifiyata, ya ja Fijo 504 tsakanin Kano da Maiduguri tun ban zo duniya ba, ya zo ƙasar nan ya ja manyan motocin nan da ake ce wa Jims, har yanzu kuma yana da tsohuwar a-kori-kurarsa mai kafireto. Na kawo masa maganar mai. Bai ce komai ba sai da ya sa na buɗe bonet. Ya zaro sandar awon mai, ya shafo da ɗan yatsa, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗaga yana kallon yadda man yake jan zare.

"Ka gani? Wannan shi ne mai. Ɗan nan, nan ba Turai ba ce. Ƙasar da rana take narka kwalta za ka zuba wa inji ruwan shayi?"

Na ce, "Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, littafin motar ne ya ce tsinkakken ya fi."

Ya ce, "Wanda ya rubuta littafin ya taɓa tsayawa a cunkoson Misfala da azahar a watan Yuli?"

Ban ja da shi ba, don tambayar tasa tana da nauyi. Da muka dawo Jidda na kwana ina karanta ma'anar lambobin nan, kuma abin da na fahimta ya canza mini tunani.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara lambobin a wata ƙa'ida mai suna J300. Lambar farko mai harafin W maganar hunturu take yi. Ana gwada mai 5W a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, shi kuma 20W a 15 ƙasa da sifili, don a ga ko inji zai iya juyawa da shi. Jidda kuwa ko a tsakiyar sanyi da wuya ta sauka ƙasa da digiri 15 sama da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a zafin digiri 100, wato kusa da zafin da inji yake aiki. Da santistok ake auna wannan kauri. Mai lamba 30 yana tsakanin santistok 9.3 da 12.5, mai lamba 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai lamba 50 daga 16.3 zuwa 21.9.

Ga inda abin ya ba ni mamaki. Na duba takardun bayanin mai iri-iri, sai na ga a digiri 40, wato zafin rana irin namu, 5W-30 yana kaiwa santistok 60 da wani abu, 20W-50 kuma ya haura 150. Inji yana son aiki da mai mai kaurin 10 zuwa 14, amma ko a ranar da ta fi kowace zafi a Jidda, man da ya kwana a kaskon da ke ƙasan inji ya ninka haka sau biyar ko fiye. Duk man da Kawu ya murza a yatsa, mai sanyi ya murza a wurin inji. Abin da yatsa ke ji daban, abin da ƙarfe ke ji a digiri 100 daban.

Asabar, 24 ga Fabrairu, kilomita 187,640

Na kai motar garejin wani makaniki da ake ce wa Usta. Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, garin da kakanninsu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, Larabci yana faɗo masa a tsakiyar zance. Ya kwance murfin zuba mai ya haska da tocila, ya kira ni na leƙa. Ƙarafan ciki sun yi launin zuma mai duhu, amma babu baƙin cakwalin nan mai kama da kwalta. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗan'uwa, mai ita yana juye a kan lokaci. Kaurin ne kawai ya yi mata yawa."

Ya nuna mini wani ɗan bawul a gefen kan injin. Injunan zamanin nan da ƙarfin mai suke matsar da lokacin buɗewar bawuloli, man yana bi ta wasu ƙananan hanyoyi da 'yar rariya da ba ta kai farce ba. Sarƙar taimin ma mai ne yake tura abin da ke ɗaure ta. Idan man ya yi kauri, sai ya ɗan makara kafin ya hau sama da safe, ƙarar da nake ji ke nan. A-kori-kurar Kawu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Muka zuba 5W-30 sintetik mai darajar inganci ta API SP, wadda aka fito da ita a 2020, ta gaji SN ta 2010. Lita huɗu da ɗan ɗori, da sabuwar filta. Gwangwani biyar na saya masu lita ɗaya-ɗaya, ragowar na ajiye a but.

Ga dokar awon da na ɗora wa kaina: wuri ɗaya a ƙofar gida inda ƙasa take shimfiɗe, da asuba kafin na yi mata ki, na goge sandar da tsumma na mayar na sake zarowa. Tsakanin ɗigon sama da na ƙasa milimita 24 ne da rula, littafin kuma ya ce lita ɗaya da rabi ke nan. Kasko ba miƙaƙƙe ba ne, don haka awon ba zai zama cif-cif ba, amma zai nuna inda aka dosa.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ƙarar safiya ta ragu sosai. Akwai ta, amma kafin ka ankara ta wuce.

Juma'a, 29 ga Maris, kilomita 189,900

Azumi ya kai 19. Na sayi 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, OBD, tana turo wa waya zafin ruwan inji. Motar ba ta nuna zafin mai, don haka na ari bindigar awon zafi irin ta masu gyaran esi a wurin wani abokin aiki, ina haska kaskon mai daga ƙasa idan na tsaya.

A babbar hanyar Jidda zuwa Makka bayan sahur, ruwan yana tsayawa a digiri 72 zuwa 75. Na yi murna, na ce injin mai sanyi na samu. Daren jiya kuma mun shiga Makka tarawihi, muka maƙale a cunkoso kusan awa ɗaya da rabi, motar tana silo, esi a kunne, yara suna barci a baya. Ruwan ya hau 98, kasko ya nuna 101. Abin da ya dame ni shi ne mitar kilomita ba ta ƙirga wannan awa ɗaya da rabin ba. A takarda motar ba ta je ko'ina ba, amma man ya yi aiki. Littafin motar ya ware irin wannan tuƙi, da ƙura, da gajerun tafiye-tafiye, a matsayin aiki mai tsanani, ya ce a rage tazarar juye. Na tsayar da kilomita 5,000.

Sanda ta sauka milimita 4 a kilomita 2,260.

Asabar, 13 ga Afrilu, kilomita 191,000

Yawon salla muka tafi Ɗa'if ta hanyar Hada, mu biyar da kulolin abinci. Hawan nan ba wasa ba ne, daga ƙasan kwari kake nannaɗe dutse har ka kai kusan mita 2,000. Yara suna ta ihun ganin birai a bakin hanya, ni kuma idona yana kan waya. Da muka kai sama na tsaya na durƙusa na haska kasko: 113. Wannan shi ne mafi zafin da na gani tun da na fara, alhali iskar wurin tana da sanyi har maman yara ta yafa mayafi biyu. Ashe nauyi da hawa da yawan juyawar inji sun fi zafin gari dafa mai. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe, don a nan ne na fara gane cewa tambayar ba ta tsaya a kan digiri nawa ake yi a waje ba.

Asabar, 11 ga Mayu, kilomita 192,700

Ranar juye na farko, kuma ranar da na gano abin da ya fi maganar kauri muhimmanci.

Tun farkon watan zafi ya fara shigowa. Ranar Laraba da yamma a cunkoson titin Haramain ruwa ya hau 105, fanka tana ta gurnani ba ta tsayawa, esi ya fara busa iska mai ɗumi. Na nuna wa Usta lambobin da na tara tun Maris. Da ya ga 72 ɗin nan na asuba sai ya girgiza kai. Ya ce inji mai lafiya ba ya tafiya a 72, ko a Jidda ko a ina. Ya kwance bututun da ke shiga inji daga lagireto, ya zura yatsa, ya fito da shi ba komai. An cire tamostat.

Wannan al'ada ce da ta bi mu tun daga gida. Makanikai da yawa suna cire shi su jefar, su ce na ƙasashen sanyi ne. Aikinsa shi ne ya tare ruwa har inji ya kai zafinsa, a irin motata kusan digiri 82, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji yana daɗewa bai yi zafi ba, kwamfutar motar tana ta ƙara fetur, wani fetur ɗin yana gangarawa cikin mai ya tsinka shi, raɓar da ke cikin inji kuma ba ta samun zafin da zai ƙone ta. Abin da ban sani ba sai da Usta ya zana mini a ƙasa da sukudireba: a injuna da yawa tamostat yana da ɗan faifai a bayansa, idan ya buɗe hanyar lagireto sai ya toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Babu shi, wani kaso na ruwan zafi sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar yana komawa inji bai ga lagireto ba. Shi ya sa take sanyi fiye da kima da asuba, take kuma zafi fiye da kima a cunkoso.

Bai tsaya nan ba. Ya raba lagireto da kwandensan esi, sai ga ƙura da gashin tsuntsu da guntun leda sun yi dam a tsakani kamar tabarma. Ruwan da ya fito daga ciki kuma launin tsatsa, da alama ruwan famfo aka daɗe ana ƙarawa. Muka wanke, muka sa sabon tamostat da sabon murfin lagireto, muka zuba jan ruwa na asali.

Man da ya fita ya yi baƙi amma ba ya warin ƙuna, sai ɗan ƙanshin fetur. Ta sha kamar mililita 700 a kilomita 5,060, wato wajen 140 a kowace dubu. Ga inji mai wannan shekaru ban da ƙorafi.

Na sake zuba 5W-30 iri ɗaya. Na so a ce abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda don na san me ya jawo me, amma ba zan bar mota babu tamostat saboda awo ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Yanzu cikin minti shida zuwa bakwai ruwa yana kaiwa 86, ya zauna tsakanin 86 da 92 ko a hanya ko a cunkoso. Esi ya dawo da sanyinsa. Tun farkon watan aka fara tsayar da baƙi mazauna ƙasa a shingen Shumaisi, ba a shiga Makka sai da izini har a gama hajji, don haka ta waya na ba Kawu labari. Ya yi shiru ya ce shi ma tun shekaru aru-aru tasa ba ta da tamostat, kuma zai sa a duba.

Talata, 18 ga Yuni, kilomita 194,500

Jiya zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Labarin da ke zuwa daga Mina ba daɗi, alhazai da yawa sun rasu. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikinsu. Na kira Kawu na roƙe shi kada ya fita da rana.

A nan Jidda ba mu kai haka ba, sai dai gumi da danshin teku. Tsofaffin mazauna suna tuna 22 ga Yuni, 2010, ranar da garin ya kai 52. Na fito daga aiki da azahar, sitiyari ba ya taɓuwa sai da tsumma. Bayan tafiyar minti arba'in ruwa 93, kasko 106. A Maris irin wannan tafiya tana ba ni casa'in da wani abu. Ke nan zafin gari yana ƙara wa mai zafi, Kawu yana da gaskiya a nan. Amma ƙarin bai kai yadda jikin mutum yake zato ba, domin ruwa da fanka da tamostat suna riƙe da injin a wuri ɗaya.

Sai dai digiri goman nan ba ƙaramin abu ba ne ta wata fuskar. Masana man inji suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai ta hanyar haɗuwa da iska. Wato bazara tana tsufar da mai da wuri, kauri ko tsinke. Maganin wannan juye a kan lokaci ne.

Sanda ta sauka milimita 6 a kilomita 1,800. Ta fara sha fiye da da.

Asabar, 27 ga Yuli, kilomita 197,300

Juye na biyu. Sau biyu na yi ciko a wannan zagayen, jimilla ta sha kusan lita ɗaya a kilomita 4,600, wajen mililita 220 a dubu. Babu hayaƙi a salansa, babu ɗigo a ƙasa inda take kwana. Usta ya ciro fulogogi, uku fes, na huɗu da ɗan baƙi a bakinsa. Ya ce ringi, wato zobban fistin, sun fara gajiya kaɗan, ba abin tashin hankali ba ne, kuma wani kason man ƙafewa yake yi saboda zafi. Akwai gwajin da ake yi wa mai a kan haka, Noack, ana dafa shi a digiri 250 na awa ɗaya a ga nawa ya tashi. Darajar SP ba ta yarda ya wuce kashi 15 cikin ɗari ba.

Muka zauna a kan benci muna shan shayi muka tattauna me za a zuba. Na gaya masa wani awon da na karanta wanda ba a rubuta shi a gaban gwangwani. Ana gwada mai a digiri 150 ana murza shi da ƙarfi, irin murzar da yake sha tsakanin karanshaf da metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu. A wannan awon mafi ƙarancin da aka yarda wa mai lamba 30 shi ne 2.9, ga 5W-40 kuma 3.5, ga 15W-40 da mai lamba 50 kuwa 3.7. Mafi ƙaranci ne, 20W-50 na kasuwa yakan haura haka sosai. Amma abin da na gani shi ne daga 30 zuwa 40 an riga an sami kariya mai kyau a wurin da zafi ya fi tsanani, ba sai an je 50 ba. Shi kuma 5W-40 da safe yana kusa da 5W-30 wajen saurin hawa sama, don kaurinsa a digiri 40 bai cika wuce 90 ba.

Usta ya ce, "Littafinki ya yarda da 40?" Da motar yake, haka yake yi mata magana kamar mutum. Na ce ya yarda da 15W-40. Ya ce to wanda ya yarda da 15W-40 a zafi ba zai ƙi 5W-40 ba, lambar baya ɗaya ce, ta gaba kuma sauƙi ta ƙara.

Muka zuba 5W-40 sintetik. Wannan karon ban bari an taɓa komai ba bayan mai da filta, ko fulogin nan mai baƙi mayar da shi aka yi.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Wani maƙwabcina ya sayi mai mai araha a wani shago, gwangwanin ya yi kyau, amma bayan mako uku fitilar mai ta fara ƙiftawa. Akwai masu tara tsofaffin robobi su sake cika su. Lamba a jikin gwangwani ba ta da amfani idan abin da ke ciki ba shi ba ne. Ni yanzu a babban dila nake saya, na karɓi rasit, kuma a gabana ake fasa hatimin. Ƙasar nan tana da matatun tushen man inji na Luberef a Jidda da Yanbu, mai kyau ba ya wahalar samu, riyal goma ko ashirin ɗin da mutum zai rage bai kai kuɗin metal ba.

Asabar, 17 ga Agusta, kilomita 199,500

Mun dawo daga ziyara Madina, da Kawu a gaba. Sama da kilomita 400 ne zuwa, haka dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun Laraba na duba ruwa da iskar tayoyi na wanke gaban lagireto. Mun bar Jidda bayan asuba, amma dawowa rana ta kama mu a hanya, motar tana nuna 46 a waje. Ina tafiya 110 zuwa 120, esi bai huta ba. Da muka tsaya shan mai a wata mahaɗɗa na haska kasko, 109. Ruwa 91.

Kawu ya sauko yana dogara sandarsa, ya ce na buɗe bonet. Ya sunkuya ya kasa kunne yana sauraron injin a silo, ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, "Muryarta ta yi daidai." Ya tambaye ni lamba nawa ke ciki, na ce arba'in. Ya ce, "To, ka matso kusa da ni ke nan." Na ce, "Kawu, maganarku ce ta sa na ƙi tsayawa a talatin ba tare da awo ba." Kuma gaskiya na faɗa masa. Da bai tambaye ni batun cunkoson Misfala ba, da littafi kawai zan bi na rufe ido.

A hanya ya ba ni labarin zamanin Fijo, yadda suke tashi daga Kano da galan ɗin mai a but, su yi ciko a Potiskum. Injunan lokacin ratar da ke tsakanin ƙarafansu ta fi faɗi, man lokacin kuma yana saurin tsinkewa idan ya sha zafi, don haka wanda ya fara da mai kauri shi ke isa Maiduguri da sauran kauri. Iliminsu daga hanya suka samo shi, kuma ga a-kori-kurarsa har gobe 20W-50 ne daidai da ita. Na gaya masa kada ya canza.

Asabar, 28 ga Satumba, kilomita 202,300

Juye na uku, kilomita 5,000 cif. Ta sha kamar mililita 750, wato 150 a dubu, duk da cewa Agusta da Satumba ne kuma har da tafiyar Madina a ciki. A zagayen baya 220 ne. Ciko ɗaya kawai na yi. Ƙarar safiya ba ta dawo ba.

Fetur fa? Ina cika tanki da fetur mai lamba 91 a riyal 2.18 lita, ina rubuta kilomita. A Yuni da Yuli da 5W-30 ina samun wajen kilomita 12.5 a lita, a wannan zagayen 12.3. Mai mai kauri yana ɗan ƙara wa inji nauyi, wannan sananne ne, shi ya sa sababbin motoci suke zuwa da 0W-20 har da 0W-16. Amma bambancin nawa ƙanƙane ne, cunkoson rana ɗaya zai iya kawo shi.

Usta ya yanka tsohuwar filta da zarto ya buɗe takardar ciki a rana. Muka bi lungu-lungu, babu ƙyallin ƙarfe. Ya tsiyaye tsohon man a durom ɗin da masu tarawa suke zuwa ɗauka.

Na sake zuba 5W-40, don Oktoba a Jidda ba ta da maraba da bazara. Ga sabuwar mota mai garanti ba zan ba kowa shawarar ya bi ni ba, abin da kamfani ya rubuta shi zai zuba. Tawa ta haura kilomita dubu ɗari biyu, littafinta ya ba ni zaɓi, sandar awo kuma ta nuna mini wanda ya fi zama a cikinta lokacin zafi.

Asabar, 5 ga Oktoba, kilomita 202,780

Da asuba ina goge sanda na lura da danshin mai a kusurwar murfin saman inji, ɓangaren fulogi na huɗu, ƙura ta manne a wurin. Na aika wa Usta hoto. Ya ce robar murfin ce ta bushe, kuma zai duba ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin inji, don idan ya toshe yakan tura mai waje ya kuma ƙara sha. Idan haka ne, wani ɓangare na lissafina na bazara ba laifin kauri ba ne, sai na sake awo bayan gyaran. An yi odar robar, ranar Talata za ta iso.

Juye na gaba zai faɗo a kilomita 207,300, wajen tsakiyar Disamba. Niyyata na koma 5W-30 na watannin sanyi, da sabuwar roba da sabon bawul, na ga ko za ta sauka ƙasa da 140 ɗin farko. Kawu kuma ya ce Juma'a mai zuwa na zo masa da bindigar awon zafi, yana son ya ga nawa kaskon a-kori-kurarsa yake nunawa yanzu da aka mayar mata da tamostat.